Daminar Rogo da Ƙanƙarar Ƙuryar Duniya: Hanyar Ɗalibi Zuwa Binciken Yanayi

A ƙasar Rogo da Karaye, da zarar watan Afrilu ya raba tsakiya, hankalin kowane magidanci yakan koma sama. Ana duban gabas ko hadari zai haɗo, ana lura da zuwan shamuwa, malamai masu lissafin taurari kuma suna ƙirga kwana 13 na kowane tauraro. Tambayar dai guda ce tun kaka da kakanni: yaushe ruwan shuka zai sauka, kuma in ya sauka zai ɗore? Wanda ya yi gaggawar zuba irin masara a Rogo Ruma ko Zarewa bayan ruwan farko, sa'an nan sama ta ɗauke har mako biyu, ya yi asarar iri da taki da kuɗin ƙwadago. Wanda kuma ya yi jinkiri, damina na iya yanke masa kafin dawa ta nuna.

Akwai reshen kimiyya da aikinsa ke nan, wato kimiyyar iska da yanayi. Masu wannan fanni suna nazarin iskar da ta lulluɓe duniya, yadda take kwasar zafi daga wuri zuwa wuri, yadda take ɗauko danshi daga teku, da yadda girgije ke haɗuwa har ya zama hadari. Abin da zai ba ɗalibi mamaki shi ne, wani ɓangare na amsar tambayar manomin Rogo yana can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, inda ba a taɓa kafa garma ba, inda ƙanƙara ta yi kaurin kilomita 3 ko fiye. Tsakanin Rogo da gaɓar tsibirin Girinlan akwai tazarar fiye da kilomita 6,500. Duk da haka, binciken da aka yi daga shekarun 1980 zuwa yau ya nuna cewa abin da ya sami tekun da ke kewaye da wannan tsibiri yakan taɓa damina a ƙasar Hausa. Saboda haka ɗan sakandaren Karaye ko Rogo da ya ce yana son karantar yanayin ƙasashen ƙanƙara bai yi ɓatan kai ba.

Magamar iskoki biyu

Iska iri biyu ke mulkin shekara a Afirka ta Yamma. Ɗaya busasshiya ce, tana tasowa daga arewa maso gabas ta ratso Sahara, ita ce iskar hunturu. Ɗayar tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da danshi. Inda suka haɗu akwai wata iyaka da ba a gani da ido, wadda za a iya kira magamar iskoki. A watan Janairu magamar tana kusa da gaɓar teku, shi ya sa hazo ke rufe Kano. Daga nan sai ta riƙa hawowa arewa tana bin zafin rana, ta wuce ƙasar Rogo, wadda ke tsakanin digiri 11 da 12 arewa da ikwaita, har ta kai kusan digiri 20 a watan Agusta, can cikin hamadar Nijar. Ruwa mai ƙarfi ba ya sauka a kan magamar kanta, sai a bayanta da ɗaruruwan kilomita, inda iska mai danshi ta yi kauri. Wannan ne dalilin gumin bazara da ake sha makonni kafin ruwan shuka, kuma shi ne dalilin marka a Agusta. Hadari kuwa daga gabas yake zuwa, ko da yake danshin ta yamma ya shigo, domin a can sama, kimanin kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai gudu daga gabas zuwa yamma da ke tura gizagizai.

Ƙa'idar da ya kamata ɗalibi ya riƙe ita ce, ɗamarar ruwan sama ta duniya takan karkata zuwa rabin duniyar da ya fi ɗumi. In arewacin Atlantika ya fi kudancinsa ɗumi, magamar takan zurfafa arewa, damina ta yi albarka. In ya huce, sai ta toge a kudu.

Wa ya kawo farin 1973?

Dattawan Karaye ba su manta da farin 1972 da 1973 ba, balle na 1983 da 1984, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka faɗi, mutane suka kwararo daga arewa neman abinci. In aka kwatanta shekarun 1950 da na 1970 da 1980, ruwan sama a yankin Sahel ya ragu da kimanin kashi 30 cikin 100.

Bayanin farko da ya karɓu ya ɗora laifin a kan talakawan yankin. A 1975 wani babban masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo hasashen cewa in kiwo da saran itace suka tsiraita ƙasa, farar ƙasar za ta riƙa mayar da hasken rana sama, iska ta daina tashi, ruwa ya ragu. Lissafin ya yi kyau a takarda, kuma shekara da shekaru ana maimaita shi kamar an gama magana: makiyayi da mai gatari su suka jawo fari. Sai a 1986 wasu masana uku na ofishin yanayi na Birtaniya, Folland da Palmer da Parker, suka jera alƙaluman ruwan Sahel daga 1901 zuwa 1985 kusa da alƙaluman zafin tekunan duniya. Suka ga shekarun fari sun dace da lokacin da tekunan arewa suka huce, na kudu suka yi ɗumi. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta zafin teku kaɗai, ba su gaya mata an sare ko itace ɗaya ba, sai ga fari ya fito a shekarun da aka yi shi. Binciken da ya biyo baya ya ƙara nuna cewa hayaƙi mai farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka, wanda ke tare hasken rana, yana cikin abin da ya sanyaya arewacin Atlantika a wancan lokaci. Saran itace dai ɓarna ne, yana cinye ƙasa, yana kuma iya tsananta fari, amma tushen al'amarin yana teku.

Alƙaluman da aka yi wannan muhawara da su an tattara su ne a tashoshi irin ta Kano, inda ake auna ruwan sama tun 1905, da ta Samaru a Zariya, da Sakkwato, da Maraɗi, da Damagaram. Ma'aikatan da suka riƙa fita kowace safiya da kwalbar awo 'yan ƙasa ne. Waɗanda suka fassara alƙaluman, suka yanke hukunci a kan wanda ke da laifi, mafi yawansu baƙi ne.

Abin da ƙanƙara ta adana

Awon shekara 120 bai isa a san halin damina ba. Domin sanin abin da ya faru kafin nan, masana sukan tafi inda dusar ƙanƙara ke sauka ba ta narkewa. Ta bana takan danne ta bara, shekara bayan shekara, har ta zama ƙanƙara mai tauri, a cikinta kuwa akwai 'yan kumfa na iskar da aka shaƙa a zamanin da ta sauka. Sai a haƙa kamar yadda ake haƙa rijiyar burtsatse, a zaro ƙanƙarar sanda-sanda, a karanta ta daga sama zuwa ƙasa. A tsakiyar Girinlan, masana Turai sun haƙa fiye da mita 3,000 a 1992, na Amurka suka yi kamar haka a 1993. A Antatika, haƙar tashar Vostok ta Rasha ta ba da tarihin shekara 420,000, wata haƙar ta Turawa ta kai shekara 800,000, kuma a Janairun 2025 aka sanar da wadda ta kai kimanin shekara miliyan 1 da dubu 200. A duk tsawon shekara 800,000 ɗin nan, iskar kabon dayoksaid, wadda ke riƙe zafi a sararin duniya, ba ta wuce kimanin kashi 300 cikin miliyan ba. A 2024 ta haura 420.

Sandunan Girinlan sun nuna wani abu da ya fi shafar manomi: yanayi na iya juyawa cikin 'yan shekaru kaɗan, tsawon rayuwar mutum guda. Dalilin yana cikin zagayen ruwan Atlantika. Ruwa mai ɗumi da gishiri yana tafiya arewa a saman teku, ya huce a kusa da Girinlan, ya yi nauyi, ya nutse, ya dawo kudu ta ƙarƙashi. Wannan zagaye shi ke kai ɗumi arewacin tekun. In ruwan daɗi mai yawa ya kwararo daga narkakkiyar ƙanƙara, ruwan saman ba ya yin nauyin da zai nutse, sai zagayen ya yi sanyi. A 1988 wani Bajamushe, Hartmut Heinrich, ya gano shimfiɗun tsakuwa a laka ta ƙarƙashin Atlantika, waɗanda manyan curin ƙanƙara suka ɗauko daga Kanada suka zubar da suka narke. An yi irin wannan ambaliyar ƙanƙara sau da dama a zamanin sanyi na ƙarshe. A 2008 masana daga Jami'ar Bremen ta Jamus suka binciki lakar da aka zaro daga teku a gaɓar Senigal, suka tarar duk lokacin da aka yi ta, ƙura ta ƙaru, lakar kogi ta ragu, wato Sahel ya shiga fari na ɗaruruwan shekaru.

Shaidar irin waɗannan zamunna tana nan a gida. Jigayin rairayi da ke jere daga gabashin Kano zuwa Haɗeja da Nguru tsofaffin tuddan hamada ne da ciyawa ta rufe. Wani masanin labarin ƙasa na Ingila, A. T. Grove, ya bayyana su a 1958. Bayan wannan bushewa sai al'amari ya juya. Tsakanin kimanin shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce, sauyin tafiyar duniya a falakinta ya ƙara zafin rani a arewa, damina ta zurfafa cikin Sahara, Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000, fiye da sulusin Nijeriya. Kwalekwalen da aka tono a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987, mai kimanin shekara 8,000, na wannan zamani ne.

Wuri mafi zurfi na wancan tsohon tafki shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi. Yau busasshe ne, shimfiɗe da farin ƙwanson ƙananan halittun ruwa. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashe shi, cikin kwana ɗaya ko biyu ya iso Kano a matsayin hazo. Ke nan ruwan Kogin Challawa yana barin Karaye ya bi ta Haɗeja da Komadugu Yobe ya nufi Chadi, ƙurar tsohon tafkin kuma tana dawowa ta sauka a rufin ɗakunan Karaye. Grant McTainsh, wanda ya auna saukar ƙurar hunturu a Kano ya buga sakamakon a 1980, ya nuna cewa wani ɓangare na ƙasar noman da ke tsakanin Kano da Zariya ƙura ce da iska ta tara cikin dubban shekaru. Kada dai ɗalibi ya zaci ƙurar hunturu ce ake samu a ƙanƙarar Girinlan. Gwajin sinadarai ya nuna mafi yawan waccan daga hamadun ƙasar Sin take.

Tambayar da ba a amsa ba

Tun daga 1979, yankin ƙuryar arewa yana ɗumama kusan ninki 4 na saurin ɗumamar duniya baki ɗaya. Awon taurarin ɗan'adam daga 2002 ya nuna Girinlan na asarar ƙanƙara fiye da tan biliyan 250 a kowace shekara. Shin wannan ruwan daɗi zai iya raunana zagayen Atlantika kamar yadda ya faru a da? A 2017 wasu masana Faransa, Defrance da abokan aikinsa, suka gwada a kwamfuta abin da zai biyo bayan narkewar Girinlan cikin gaggawa, suka ga damina ta ja baya a Sahel, filin da gero da dawa za su iya yi ya ragu ƙwarai. Wannan gwaji ne na mafi munin hali. Rahoton kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi na 2021 ya ce akwai ƙwaƙƙwaran zato zagayen zai yi rauni a wannan ƙarni, sai dai bai sa ran zai tsaya cak kafin 2100 ba.

A ɗaya hannun, ɗumamar Sahara tana jawo damina arewa. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau 3 a Sahel tun 1982. Ƙarfi biyu ke nan suna ja-in-ja a kan gona guda, kuma tsare-tsaren lissafi da ke kwaikwayon yanayi a kwamfuta ba su daidaita a kan wanda zai rinjaya ba. Amsar tana da muhimmanci ga mai zaɓen irin masara, ga mai rake a fadama, da ga masu kula da madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992 domin riƙe ruwa kimanin lita biliyan 900. Su dole ne su san yaushe za su tara, yaushe kuma za su saki.

Wanda ya riga ya bi hanyar

An haifi Godwin Olu Patrick Obasi a 1933 a Ogori, garin da ke cikin Jihar Kogi a yau. Ya yi digirin farko a lissafi da fiziks a Jami'ar McGill ta Kanada a 1959, ya wuce cibiyar MIT a Amurka, ya sami digirin dakta a 1963. Batun da ya bincika shi ne abin lura. A 1957 da 1958 ƙasashe 67 suka haɗa kai suka yi wata 18 suna auna ƙasa da teku da sama, 12 daga cikinsu suka kafa tashoshi a Antatika suna sakin balan-balan masu ɗauke da na'urori. Karo na farko ke nan da aka sami alƙaluman iskar sama na rabin duniya na kudu masu yawan da za a yi cikakken lissafi da su. Obasi ya ɗauki waɗannan alƙaluma, a ɗakin bincike a Amurka, ya lissafa yadda iska ke kai ƙarfin juyawarta daga yankunan zafi zuwa wajen ƙuryar kudu. Daga baya ya koyar a Jami'ar Nairobi, ya shiga Hukumar Yanayi ta Duniya a Janiba a 1978, ya zama Babban Sakatarenta daga 1984 zuwa 2003. A zamaninsa ne, a 1988, hukumar da takwararta ta muhalli suka kafa kwamitin sauyin yanayi da aka ambata a sama. Ya rasu a 2007.

A kusa da gida, farfesoshi biyu 'yan Jihar Katsina, Sani Abubakar Mashi da Mansur Bako Matazu, sun shugabanci hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, ɗaya bayan ɗaya daga 2017 zuwa 2023. Mata ma suna sahun gaba. Susan Solomon ce ta jagoranci tawagar da ta je Antatika a 1986 ta binciko dalilin ɓulewar shimfiɗar iskar ozon, kuma a 2023 aka zaɓi Nana Ama Browne Klutse ta Gana mataimakiyar shugaba a rukunin kimiyya na kwamitin sauyin yanayi.

Matakan hanya

Matakin farko yana ajin sakandare, kuma a nan ne da yawa ke kuskure. Sukan ɗauka yanayi babi ne kawai a darasin labarin ƙasa. Labarin ƙasa yana da amfani ƙwarai, amma motsin iska da fiziks da lissafi ake bayyana shi, sinadaran da ke cikinta kuma da kemistiri. Wanda ke gudun lissafi zai sha wuya a wannan fanni. Ana bukatar kiredit a lissafi da fiziks da kemistiri da Ingilishi a jarrabawar WAEC ko NECO, in kuma makaranta na koyar da lissafi mai zurfi, a rungume shi. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu tun 1977 domin irin waɗannan ɗalibai, amma jarrabawar guda ce ga ɗan makarantar jeka-ka-dawo ta Rogo.

A jami'a, digirin fiziks ko lissafi ko labarin ƙasa daga Bayero, ko Ahmadu Bello, ko jami'ar kimiyya ta Wudil, duk yana kaiwa. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure tana da sashen nazarin yanayi na musamman, kuma a can ne shirin WASCAL, wanda Jamus ke ɗaukar nauyinsa, ke horar da ɗaliban digirin dakta daga ƙasashen Afirka ta Yamma. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 bayan fari, da cibiyar ACMAD, don haka wanda ya ƙara Faransanci a kan Hausarsa ya sami babbar ƙofa. A Trieste ta Italiya, cibiyar da Abdus Salam ya kafa a 1964 tana ba ɗalibai daga ƙasashe masu tasowa karatun shekara guda a fiziks na ƙasa da yanayi, da tallafin kuɗi. Ko ina ɗalibi ya nufa, sai ya iya rubuta umarni ga kwamfuta da harshe irin Python, domin mafi yawan aikin yau a gaban allon kwamfuta ake yin sa. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai ta saki taskar alƙaluma mai suna ERA5, wadda ta ƙunshi iskar duniya sa'a bayan sa'a tun 1940, kyauta ga duk mai intanet.

Zuwa ƙanƙarar kanta ya fi wuya. Yarjejeniyar Antatika ta 1959 ta keɓe nahiyar domin zaman lafiya da bincike, kuma Afirka ta Kudu ce kaɗai ƙasar Afirka a cikinta. Nijeriya ba ta da tasha ko jirgin ruwa a can. Ɗan Nijeriya yakan shiga ne ta hanyar karatu ko aiki da masu tashoshi, kamar jami'o'in Afirka ta Kudu, wadda jirginta mai suna S.A. Agulhas II ke tashi daga Cape Town zuwa tasharta ta SANAE, ko cibiyar Alfred Wegener ta Jamus, ko hukumar binciken Antatika ta Birtaniya da ke Cambridge. Masu kwana hunturu a irin waɗannan tashoshi sukan yi fiye da shekara ba su ga gida ba, cikinta har da makonni ko watanni da rana ba ta fitowa. A Vostok an taɓa auna sanyin digiri 89.2 ƙasa da sifiri, ranar 21 ga Yuli, 1983, daidai lokacin da ake kukan fari a Kano. Ɗalibi Musulmi zai tambayi yadda ake salla da azumi a irin wannan wuri. Malamai sun yi bayanin a ƙaddara lokaci da na ƙasa mafi kusa mai dare da rana, ko da na Makka.

Ya kamata a faɗa wa ɗalibi gaskiyar tsawon tafiyar. Daga gama sakandare zuwa digirin dakta shekara 10 ne zuwa 12, in ba a sami tsaiko irin yajin aikin wata 8 na 2022 ba. Albashin mai bincike bai kai na wanda ya shiga banki ko kamfanin mai ba, wuta da intanet sukan yanke ana tsakiyar aiki, guraben tallafin karatu kuma kaɗan ne. Iyayen da suka sayar da buhunan masara suka biya kuɗin makaranta suna da haƙƙin tambayar ina aikin yake. Yana NiMet, mai ba jiragen sama bayanin hazo a filin jirgin Malam Aminu Kano, mai kuma fitar da hasashen damina kowace shekara. Yana hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da jami'o'i, da cibiyoyin Yamai. Guraben ba su kai na likita ko injiniya yawa ba, masu cancantar cike su ma ba su da yawa.

Abin da makaranta za ta iya farawa bana

Hukumar Yanayi ta Duniya ta ƙiyasta cewa tashoshin awon yanayi a Afirka kashi 1 ne cikin 8 na mafi ƙarancin abin da ake bukata. Tauraron ɗan'adam yana ƙiyasta ruwa ne daga sanyin saman girgije, sai an gwada shi da awon ƙasa kafin a amince da shi. Hadarin damina kuwa yakan jiƙa Gwangwan ya bar Fulatan. A nan ne makaranta ke da abin bayarwa. Ramin ozon da ya girgiza duniya a 1985 an gano shi ne daga awon da ma'aikatan tashar Halley ta Birtaniya suka riƙa yi a Antatika tun 1956, kusan shekara 30 ana cika takardu ba a san abin da za su haifa ba. Shekara 2 bayan gano shi aka sa hannu a yarjejeniyar Montreal ta hana sinadaran da ke cinye ozon.

Ma'aunin ruwan sama ba shi da tsada. Mazurari ne mai faɗin baki milimita 127 a kan gwangwani, bakinsa santimita 30 daga ƙasa, a kafa shi a fili nesa da itace da gini, a kewaye shi saboda awaki. Ana karanta shi a lokaci guda kowace safiya. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Da littafin shekara guda ma ɗalibai za su iya gwada ƙa'idar da M. V. K. Sivakumar ya fitar a 1988 a cibiyar ICRISAT ta Nijar. A ƙa'idar, damina ta kama ne a ranar farko bayan 1 ga Mayu da ruwan kwana 3 a jere ya kai milimita 20, muddin ba a sami fiye da kwana 7 a jere babu ruwa ba cikin kwana 30 da suka biyo baya. Malamin lissafi zai iya sa aji su nemo wannan rana, su kwatanta ta da ranar da iyayensu suka yi shuka, da hasashen NiMet, da kuma tauraron da malamin unguwa ya ce an shiga.

Matsala ɗaya ce ta kan kashe irin wannan aiki a makarantu. Dogon hutu yana faɗowa a Agusta, tsakiyar marka, watan da ya fi kowane ruwa. Littafin da ba shi da Agusta ba zai ba da jimillar shekara ba. Saboda haka tun kafin a tashi hutu sai malami ya damƙa littafin da kwalbar awo ga ɗalibai biyu da ke zaune kusa da makaranta, ko ga maigadi in yana rubutu, ya kuma jaddada masu cewa ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta 0, kada a bar gurbin babu komai.